Ranar da Na Tsaya Tsakanin Tsoho da Karyarsa

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Amurka waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma safiyar da na durƙusa a kan ciyawa mai sanyi na rungumi karya, wani tsoho yana tsaye a kaina da bindiga, ba na jin za ta bar raina har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, gashina ya yi fari, amma duk lokacin da abin ya faɗo mini sai in ji wannan sanyin a gwiwoyina.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Maigidana yana karatun digiri na uku a wata jami'a a Greensboro, ya je gida aka ɗaura mana aure, ya taho da ni. Da farko mun zauna a wani bene a High Point Road, inda motoci ba sa daina wucewa. Ni kuwa 'yar ƙauye ce daga wajen Malumfashi, ban saba da a kulle ni a sama ba, babu tsakar gida babu maƙwabta. Kullum ya dawo daga makaranta sai ya tarar idona ya kumbura. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya samo mana wani ɗan ƙaramin gida a Pleasant Garden, kudu da gari, a bayan gidan wani tsohon Bature. Fili ɗaya muke da shi, ko shinge babu a tsakaninmu.

Washegarin tarewarmu carar zakara ce ta tashe ni sallar asuba. Tun da na baro gida ban ji wannan muryar ba. Da gari ya waye na leƙa ta taga, sai ga wani dogon tsoho mai farin gashi, ya sa hular ulu da takalmin roba har gwiwa, yana watsa wa kaji tsaba. Wata karya mai baƙi da fari tana kwance a gefensa, ta ɗora haɓarta a kan ƙafafunta tana bin kajin da ido ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga su.

Da ɗan Turancina na makarantar horon malamai muka fara gaisawa. Baba nake ce masa, ya tambayi ma'anar kalmar, da na gaya masa ya ce ya karɓa. Wata rana na ji maganarsa ba irin ta mutanen nan ba ce, na ce, "Baba, ashe kai mutumin Ingila ne?"

Ya ajiye bokitin da ke hannunsa, ya dube ni. Ya ce, "Yarinya, idan kina son mu shirya, kada ki ƙara kirana haka. Ni mutumin Wales ne. Muna da ƙasarmu, muna da harshenmu. Sai da na shiga makaranta na fara jin Turanci, kamar ke."

Wannan magana ta ba ni mamaki, don ni a lokacin na ɗauka duk Bature Turanci ya sha a nono.

A hankali na ji labarinsa. Makiyayin tumaki ne a wani ƙauye cikin duwatsu, a gidan da aka haifi kakansa. Da matarsa ta rasu, 'yarsa tilo da take aure a Amurka ta matsa masa ya sayar da gona ya dawo kusa da ita. Ya ce ba zai zo ba sai da karyarsa, wadda a lokacin ƙuruciya take ji. Aka yi haka. Bai daɗe da zuwa ba ciwo ya kama 'yar, Allah ya yi mata rasuwa. Aka bar shi da suruki Ba'amurke da jikoki a Summerfield, can arewa da gari. Mutanen kirki ne, sukan zo duba shi ranar Lahadi, amma ko kalma ɗaya ta harshensa ba sa ji. Gona an sayar, gidan kakansa baƙi sun saye suna zuwa hutu. Babu wurin komawa.

Da rana idan maigida ya tafi, sai in fito da tabarma ƙarƙashin wata babbar bishiya, Baba kuma ya jawo kujerarsa yana gyaran wani abu, ya yi ta ba ni labarin ƙauyensu. Gidajen dutse masu ƙananan tagogi. Ruwan sama da zai yi kwana da kwanaki yana yayyafi ba ya ɗaukewa, har bango ya yi gansakuka. Tumaki sun fi mutane yawa, suna warwatse a kan tudu kamar an shanya farin kaya. Ya ce aikin farko na kowace safiya a gidansu shi ne matarsa ta buɗe wa kaji, ta kwashe ƙwai cikin zanin gabanta, shi kuma ya kwance karnuka su hau tudu duba tumaki. Motar haya sau ɗaya take shigowa a mako, ranar kasuwa, mata su shiga da kwandunan ƙwai da man shanu. Mai kawo wasiƙa shi ne rediyon gari, kafin ya gama zagaye kowa ya san wanda tunkiyarsa ta ɓata da wanda matarsa ta haihu. Ranar Lahadi duk ƙauyen su hallara a ɗan ƙaramin cocinsu su yi waƙa da harshensu har tagogi su riƙa rawa. Idan lokacin askin tumaki ya zo, maƙwabta su taru a gonar wannan yau, gobe a ta wancan, mata su dafa abinci mai yawa.

Na ce, "Ai mu ma muna yi, gayya muke ce masa."

Ya maimaita kalmar yana jin daɗinta a bakinsa. Ni ma sai in ba shi labarin akurkin kakata, da yadda muke ihu muna jifa idan shirwa ta sauko kan 'yan tsaki. Shi kuma ya ce su dila ne abokin gabarsu, wani ja mai jela buzu-buzu, wanda idan ya shiga akurki ba ya ɗaukar ɗaya ya tafi, sai ya kashe duk abin da ke motsi. A nan ma akwai irinsa a dajin bayan gida, shi ya sa ya ajiye bindiga mai baki biyu.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakin jiki, wato karyar. Na tashi a gidan da kare ba ya shiga, ga tsoro ga maganar tsarki. Na yi masa bayani, bai ji haushi ba. Ya juya ya yi mata magana da harshensu, gajeriyar magana, tun daga ranar ba ta ƙara matsowa kusa da tabarmata ba. Da harshensu kawai yake yi mata magana, sai kuma fito. Da yake babu tumaki, kajin take kiwo. Da yamma zai yi fito ɗaya ta zagaya ta dama, ya yi wani ta zagaya ta hagu, ya yi wani dogo ta kwanta ƙasa ɗif ba ta ƙara motsi sai ya sallame ta. Haka za ta tattaro kajin nan kaf ta shigar da su akurki, ko gashin ɗaya ba ta taɓa ba. Ya taɓa ce mini, "A ƙauyenmu doka ɗaya ce. Karen da ya ɗanɗani jinin dabbar da aka ba shi amana, mai shi ne zai harbe shi da hannunsa, ba ya jira maƙwabci ya zo ya yi masa. Na taɓa yi sau ɗaya ina saurayi. Ban ci abinci ba ranar."

Shekara ta zagayo, ina ɗauke da cikin fari, sai na fara lura Baba yana canjawa. Zai ba kaji abinci, jim kaɗan ya dawo ya sake ba su. Zai fara magana da ni da Turanci, a tsakiya ya zarce da harshensu bai sani ba, ya tsaya yana jiran amsa. Wani lokaci ya kira ni da wani suna, daga baya na gane sunan 'yarsa ne. Wata safiya na same shi a bakin titi da sanda yana duban nesa, ya ce tumaki ba su sauko ba. Mun gaya wa surukinsa, ya ce ya lura shi ma, yana neman yadda za a yi. Turancin nan da ya koya a makaranta ya riƙa zubewa daga bakinsa kaɗan-kaɗan, harshen uwarsa kawai ya rage, kuma duk faɗin garin nan babu mai jin sa sai karya.

Ranar da abin ya faru lokacin sanyi ne, raɓa ta daskare a kan ciyawa ta yi fari. Maigida ya fita da wuri. Ina kicin ina haɗa shayi sai na ji gidan ya yi wani irin shiru, na tuna ban ji zakara ba tun asuba. Na yafa mayafi na fita.

Gashin kaji ne ko'ina, iska tana wasa da shi. Ƙofar akurki a buɗe, da alama Baba ya manta bai rufe ba. Kaji a zube a ƙasa, wasu ba kai, zakaran yana gefe wuyansa a karye. Can gaba kaɗan karyar tana kwance ɗif irin kwanciyar da yake sa ta, bakinta da ƙirjinta duk jini. Baba yana tsaye a gabanta da kayan barci da takalmin roba, bindiga a hannunsa. Magana yake yi mata a hankali, murya mai taushi, hawaye yana bin kumatunsa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane sallama yake yi da ita. Ita kuwa tana kallon fuskarsa, ba ta da niyyar gudu. Ya ce ta kwanta, ta kwanta.

Na ce da Turanci, "Baba, tsaya! Ba ita ba ce!"

Gaskiya ban ga abin da ya faru ba. Amma na ga kunnenta ɗaya a yage, ƙafarta ta gaba tana zubar da jini, na kuma san kaza ba ta yaga kunnen kare. Ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya yi mini alama da hannu in kauce, ya fara ɗaga bindigar.

Har yau ban san abin da ya ɗauke ni ba. Ni da ko inuwar kare ba na son ta taɓa ni, sai ga ni a durƙushe da tsohon ciki, na rungume ta a ƙirjina, jininta yana shiga mayafina. Na buɗe baki in yi Turanci, Turancin ya gudu. Hausa ce kawai take fitowa. "Don Allah, Baba, ka yi haƙuri. Don girman Allah kada ka kashe ta. Wallahi ba ita ba ce. Ita kaɗai ta rage maka, Baba." Shi kuma yana daka mini tsawa da harshensu, muryarsa tana karyewa. Mutum biyu a fili ɗaya cikin ƙasar da ba tasu ba, kowa yana kuka da harshen uwarsa, babu mai jin wani.

Da na ga magana ba za ta yi ba, sai na ɗaga kunnen da ya yage na nuna masa. Na ɗaga ƙafar, ga shatin haƙora a fili. Sannan na lura da wani abu a gefen bakinta, na sa yatsa na zaro. Tukun gashi ne, ja. Na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa. Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ko da hankalinsa ya fara tafiya, warin dila bai ɓace masa ba. Ya gane faɗa ta yi da ɓarawon kajin, da jikinta na tsufa, har ta kore shi. Ya buɗe bindigar ya zare harsasai ya watsar, ya jefar da ita gefe, sannan ya zube zaune a kan ciyawa ya rufe fuska da hannu biyu. Kukan da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba. Na saki karyar ta ja jiki ta je ta ɗora kanta a cinyarsa tana lasar hannunsa, hannun da yanzu-yanzu ya so ya kashe ta.

Na ɗauka an gama. Ashe wata maƙwabciya da ke tsallaken titi ta hango ta taga, ta ga tsoho da bindiga a kan mace mai ciki, ta kira 'yan sanda. Ban ga laifinta ba, ko ni ce haka zan yi. Muna zaune a wurin sai jiniya. Suka diro suna ihu ya ɗaga hannu, ya kwanta ƙasa. Baba yana kallonsu bai san me suke cewa ba, ya fara yunƙurin tashi. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na farko. A nan ne Turancina ya dawo. Na ɗaga hannuwana sama ina cewa ba shi da lafiya, ba ya jin abin da kuke faɗa, bindigar ga ta can ba komai a ciki, ba ni ya nufa ba. Allah ya taimaka babbansu mai natsuwa ne, ya saurare ni, ya sa sauran suka sauke bindigoginsu.

Motar asibiti ta zo, suka lulluɓe shi da bargo suka kama shi zuwa ciki. Karyar ta bi su da ƙafa uku har bakin titi tana neman shiga. Kafin su rufe ƙofa Baba ya dube ta, ya sa yatsu a baki ya yi dogon fiton nan. Ta kwanta ɗif a gefen titi. Motar ta tafi.

A nan ta wuni. Na kira ta, na kawo mata ruwa, na kawo nama, ko kallona ba ta yi ba, idonta yana kan hanya. Jira take a sallame ta, kuma wanda ya san kalmar sallamar ya tafi. Sai da maigida ya dawo da yamma ya naɗe ta a tsohon bargo ya ɗauko ta cak, muka kai ta wurin likitan dabbobi aka ɗinke kunnen.

Baba bai ƙara dawowa gidan ba. Surukinsa ya zo ya yi mini godiya idonsa jawur, ya ce likitoci sun ce ba zai iya zama shi kaɗai ba, an sama masa wuri a gidan kula da tsofaffi. Kajin da suka tsira ya bar mana. Karyar kuwa ya ce ba shi da yadda zai yi da ita, zai kai ta inda ake ajiye dabbobin da ba su da mai su. Na san abin da ake yi wa tsohuwar karya mai ɗingishi a irin wurin. Na dubi maigida, ya gane. Ranar Juma'a ya tambayi malamin masallacinmu, malam ya ce kare mai gadin dabbobi ba laifi, muddin ba cikin ɗaki zai zauna ba. Wata Anti 'yar Ghana da ta ɗauke ni kamar ƙanwa ta zo ta gani, ta riƙe baki ta ce, "Ke yanzu da cikin naki kare kike reno? Amurka ta shiga kanki ke nan?" Na ba ta labari tun daga farko. Da za ta tafi ma ita ta zuba wa karyar sauran ƙashin miya.

Amma karyar ba ta sake zama daidai ba. Ta daina kula kaji. Na gwada yin fiton, sai ta ɗaga kunne da sauri, ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Sau ɗaya muka sa ta a mota muka kai ta wurinsa, aka turo shi a keken marasa lafiya zuwa tsakar gida. Ya rame, an aske masa gashi. Ni bai gane ni ba sam. Amma da ya gan ta sai ya buɗe hannu, ta tafi da ɗingishinta ta sa kai a ƙirjinsa, ya yi ta yi mata magana, yana yi yana dariya yana nuna wani wuri can nesa. Ma'aikaciyar da ta turo shi ta ce tun da aka kawo shi ba su taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba, su sun ɗauka surutun ruɗewa ne kawai yake yi. Na ce mata ba ruɗewa ba ce, harshe ne, mutane suna can suna magana da shi. Da lokacin tafiya ya yi, da ƙyar maigida ya raba su.

Kafin sanyi ya wuce na fito wata safiya na same ta ta mutu a ƙofar gidansa. Ba mu gaya masa ba. Na haihu, ina cikin wankan jego surukinsa ya bugo waya ya ce shi ma ya cika. A nan aka binne shi kusa da 'yarsa.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Shekaru bayan haka mahaifina ya rasu, 'yan'uwana suka ce tunda muna da hali in ɗauko Inna ta zo ta huta a wurina. Ina son ta kusa da ni kamar me, amma na ce a'a. Na ce a bar ta a ɗakinta, cikin matan da suka yi ƙuruciya tare, ni zan riƙa zuwa. Wasu sun ce rowa ce, wasu sun ce na zama Baturiya, ban tsaya yi musu bayani ba. 'Ya'yana kuwa sun sha faɗa da ni a kan Hausa, in yi musu magana su amsa da Turanci, in ƙi ji sai sun maimaita. Suna ganin takura ce. Ni na san abin da nake tsoro.

Abin da wannan safiya ta koya mini shi ne, ciyar da tsoho da tufatar da shi ba su ne ƙarshen kula da shi ba. Idan ƙarfi ya ƙare, hankali ya fara gushewa, mutum yana komawa harshen da aka yi masa rarrashi da shi yana jariri, kuma yana bukatar wanda zai amsa masa. Roƙona ga Allah shi ne, ranar da tawa ta zo, idan na buɗe baki na yi kira, a samu ɗan Adam a kusa da zai ce mini na'am.